A ofisoshinmu baki ake ba maki, ba aiki ba

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a ƙasar nan ya san fom ɗin nan da ake ce wa APER, wanda a ƙa'ida duk shekara ake cikewa, kai ka cike naka ɓangaren ka faɗi abin da ka yi, oganka ya cike nasa ya ba ka maki, na sama da shi ya sa hannu, a kai fayil ɗinka a ajiye. A takarda abu ne mai kyau wallahi. Amma mu da muke ciki mun san yadda ake yi, ba mai tunawa da fom ɗin sai lokacin ƙarin girma ya matso, sai ka ga mutum ya kwaso na shekara uku ya zauna ya cike su a zama ɗaya da biro ɗaya, wani ogan ma cewa zai yi kai dai cike har nawa wajen ka kawo in sa hannu. Kuma kowa ya yi fice. Wanda tun safe yana kan tebur ya yi fice, wanda sai ranar da albashi ya shigo ake ganin ƙeyarsa shi ma ya yi fice. To idan takardar da aka tanada don auna aiki ba ta auna komai, da me ake bambance mutane kenan? Da baki ake bambancewa. Da wa ya iya magana a mitin, wa ya iya gaisuwa, wa oga yake jin daɗin zama da shi.

Abin da nake so in faɗa kenan, kuma raina yana ɓaci a kansa ba kaɗan ba, a wuraren aikinmu mun mayar da iya magana ita ce cancanta, kuma waɗanda suke biyan kuɗin wannan ɗabi'a ba mu ne 'yan ofis ba, talakan da ya zo neman haƙƙinsa ne.

Kowane ofis akwai mutumin nan, ba sai na kwatanta shi da yawa ba kun san shi. Shi ne na farko da zai ɗaga hannu a mitin, ranka ya daɗe ai wannan an riga an gama, ranka ya daɗe ka bar min kawai zuwa Litinin insha Allahu. Litinin ta zo ta wuce, wata Litinin ɗin ta zo, ba wanda ya koma ya tambaye shi ina aikin, saboda shi ogan abin da ya tsaya masa a rai shi ne yaron nan akwai himma. Idan abu ya yi kyau shi zai riga kowa kai labari sama, kuma a bakinsa "mun yi" ɗin nan a hankali take komawa "na yi". Idan abu ya lalace kuwa ai dama tun farko ya faɗa musu ba su ji ba. Sannan akwai ɗayan, wanda in ya yi rashin lafiya na sati guda sai sashen gaba ɗaya ya tsaya cak, ba wanda ya san inda takarda kaza take, ba wanda ya iya haɗa bocan albashi, sai a dinga kiransa a waya yana kwance. Wannan na biyun ba ya zuwa taron bita a Abuja ko Kaduna, ba ya samun alawus ɗin tafiya, don in ya tafi wa zai yi aikin. Kun ga har ƙwazon nasa ya zama abin da ake danne shi da shi.

Akwai wata baiwar Allah da na yi aiki da ita a rijista, wato inda ake ajiye fayil-fayil, shekarunta a wurin sun fi na kowa, in ka faɗa mata sunan ɗan fansho kafin ka rufe baki ta miƙe ta ciro maka fayil ɗinsa. Tsofaffin da suke zuwa bin haƙƙinsu sunanta kawai suka sani a duk ginin. Ba ta taɓa magana a mitin ba in ba tambayarta aka yi ba. Har ta cika shekara 35 ɗinta ta yi ritaya ban taɓa jin an ambace ta a wani taro ba, kuma bayan tafiyarta sai da aka yi watanni ana neman takardun mutane ana cewa su dawo wani satin.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo a wurinmu shi ne tarbiyyarmu ce ma take hana mutumin kirki tallata kansa. Tun muna yara ake ce mana yabon kai jahilci ne, ana koya mana kunya da kawaici, kada ka yi magana a gaban manya sai an ce ka yi. Sai yaro ya tashi da wannan, ya shiga aiki, ya tarar tsarin wurin yana hukunta shi a kan abin da iyayensa suka yi wahalar koya masa. Mata kuma nasu ya fi tsanani, don mace mai mutunci ba za ta je ta zauna a ofishin oga ana hira ana shan shayi ba, ba za ta bi shi majalisa da daddare ba, ba za ta raka shi ɗaurin aure a wani gari ba, kuma gaskiyar magana a irin waɗannan wuraren ne ake yanke wa za a tura kwas, wa za a ba riƙon sashe. In dai kusanci da baki ne ma'auni to an fitar da ita daga gasar tun kafin a fara.

Ni ban ma ga laifin mai bakin sosai kamar yadda nake ganin na ogan ba. Mai baki ya ga abin da yake ci ne a kasuwar ya kawo. Ogan da ba ya tashi daga kujerarsa, wanda duk abin da ya sani game da ma'aikatarsa a kunne ya ji shi, dole wanda ya fi kusa da kunnen shi zai mallake shi. Shugaban makarantar da bai taɓa tsayawa a bayan aji ya ga yadda malami yake koyarwa ba, bai taɓa karɓar littafin ɗalibi ya duba ko ana gyara aikin gida ba, ta yaya zai san malamin kirki? Sai dai wanda ya fi gaishe shi. Haka shugaban asibitin da bai taɓa zagayawa ƙarfe biyun dare ya ga wace nas ce a farke ba.

Kuma abin mamaki addinin da muke alfahari da shi ya gama mana wannan maganar tuntuni. A Suratul Ƙasas, lokacin da Annabi Musa (AS) ya isa Madyana ya tarar da mata biyu sun koma gefe da dabbobinsu suna jiran maza su gama, ya shayar musu ya koma inuwa, bai tsaya ya yi musu bayanin ko shi waye ba. Da ɗaya daga cikinsu ta ce wa mahaifinta ya ɗauke shi aiki, hujjarta ita ce mafi alherin wanda za ka ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce, kuma duka biyun da idonta ta gani, ƙarfin a wurin rijiya, amanar kuma malaman tafsiri suka ce a yadda ya kama kansa a hanya. A Suratus Saffi an tambayi muminai don me kuke faɗin abin da ba ku aikatawa, a Baƙara kuma an yi mana gargaɗi da mutumin da maganarsa za ta burge ka har yana kafa Allah shaida a kan abin da ke zuciyarsa alhali shi ne mafi tsananin husuma. Sannan ga labarin nan na Sayyadina Umar (RA) da malamai suke yawan kawowa, wani ya zo yana yabon wani a gabansa, Umar ya tambaye shi kai maƙwabcinsa ne da ka san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a, kun taɓa tafiya tare, ya ce a'a, kun taɓa hulɗar kuɗi, ya ce a'a, sai Umar ya ce ina jin dai a masallaci ka gan shi yana ɗaga kai yana sunkuyarwa, to ba ka san shi ba. Wannan labarin yana taɓa ni sosai saboda a ofisoshinmu har siffar addini ta zama wani irin baki, ana ganin mutum da carbi a hannu kullum yana sahun gaba a masallacin sakatariya sai a ce ai wane mutumin kirki ne a ba shi sito ko asusu. Sallah wajibi ce kuma tsakaninsa da Ubangijinsa ce, amma amanar sito a littafin sito ake ganinta.

Ku je Kantin Kwari ko kasuwar Singa ko Dawanau ku ga yadda Alhazan kasuwa suke yi da yaran shago. Ba intabiyu, ba fom. Yaro zai zo ta hannun wani, a fara aikensa sayo abinci da canjin da aka san adadinsa, a bar shi da shago na awa ɗaya a tafi sallah, a aike shi banki, a ba shi kaya ya kai wa kwastoma a wani gari, a hankali a hankali har a kai ga ba shi makulli, wani sai bayan shekaru a sallame shi da jari ko a buɗe masa nasa. Duk daɗin bakin yaro in lissafi bai cika ba sau ɗaya sau biyu an gama da shi. Waɗannan mutanen da yawansu ba su yi boko mai zurfi ba amma sun fi manyan daraktocinmu iya auna ma'aikaci, kuma dalilin a fili yake, in Alhaji ya yarda da mai romon baka aljihunsa ne zai yi kuka. A gwamnati kuwa in darakta ya ɗora wanda bai iya ba albashinsa ba zai ragu da ko kwabo ba, wanda zai ji a jikinsa shi ne tsohon da ya hau mota daga ƙauye ya zo aka ce fayil ɗinsa bai fito ba, da mai naƙudar da ta tarar ba kowa a ɗakin haihuwa.

Ba wai ba a taɓa yunƙurin gyarawa ba. Kwamitin Udoji na gyaran aikin gwamnati da aka kafa a 1972 ya miƙa rahotonsa a 1974, mutane ƙarin albashin kawai suke tunawa, amma cikin shawarwarinsa har da a daina rahoton sirri da oga yake rubutawa a kan ma'aikaci ba tare da ya gani ba, a koma auna mutum a fili a kan aikin da aka ɗora masa. Aka karɓi kuɗin hannu bibbiyu, ɓangaren auna aikin kuma ya zama fom ɗin da na faɗa a sama. Sai Janar Murtala ya hau a Yulin 1975 ya yi shara, aka kori ma'aikata sama da 10,000 nan take, har da alƙalai da manyan sakatarori da malaman jami'a, wasu a rediyo suka ji an sallame su. Mutane da yawa har gobe suna yabon wannan, kuma na fahimci dalili, an gaji da lalaci. Amma ni a ganina ko a wannan sharar baki ya yi aiki, domin ba a tsaya an bi kowa da bincike an saurare shi ba, takardar ƙorafi da tsegumi da ƙiyayyar abokin aiki sun ci mutanen kirki tare da ɓata-gari, kuma darasin da sauran ma'aikata suka ɗauka shi ne aikinka ba zai kare ka ba, gara ka nemi uban gida ka kuma tara abin da za ka tara kafin a waiwayo ka. Wato korar mutum a kan abin da aka ce ya yi, ba tare da an duba ba, ɗaya take da ɗaga mutum a kan abin da ya ce ya yi.

Na Kaduna kuma kowa ya shaida. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki, aka yi ta cece-kuce. Ni ina cikin waɗanda suke ganin malamin da ba zai iya amsa tambayar ɗalibinsa ba bai kamata ya tsaya gaban allo ba, kuma tambayar da ya kamata a yi ita ce wa ya ɗauke su tun farko, ai da takardar ɗan siyasa da alfarmar wane aka cusa da yawansu. To amma jarrabawar yini ɗaya ita ma ba ita ce aikin ba. Tana iya nuna maka wanda bai san komai ba, ba za ta nuna maka wanda yake zuwa aji kullum, yake haƙuri da yara, yaransa suke fita sun iya karatu ba. Haka jarrabawar ƙarin girma da muke yi, duk bayan shekara uku ga 'yan mataki na 7 zuwa 14, shekara huɗu ga na sama da haka, kaso mafi tsoka na makin yana kan abin da ka rubuta ko ka faɗa a ranar ne, sai mutum ya haddace dokokin aikin gwamnati da na kuɗi a sati biyu ya wuce, wanda ya shekara uku yana ɗauke da sashen a kansa bai samu lokacin haddar ba ya faɗi.

Yanzu gwamnatin tarayya tun zamanin tsohuwar shugabar ma'aikata Folasade Yemi-Esan ta ce za ta ajiye APER ta koma sabon tsarin da ake ce wa PMS, inda ma'aikaci da ogansa za su amince a farkon shekara a kan abin da zai cim ma, a dinga dubawa lokaci-lokaci. Har ministoci an sa sun sa hannu a kan irin wannan alƙawarin a ƙarshen 2023. Ina fatan alheri da gaske. Tsorona kawai shi ne in dai ogan nan ne da ba ya tashi daga kujera zai cike sabon fom ɗin, to suna kawai aka canza, a da da biro ake rubuta ƙaryar yanzu a kwamfuta.

Idan ana maganar aiki ya yi magana ni Dakta Stella Adadevoh nake tunawa. Kafin Yulin 2014 in ka fita daga da'irar likitocin Legas ba kowa ya san sunanta ba. Wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya da cutar Ebola aka kai shi asibitin da take aiki, ya matsa sai an sallame shi ya tafi taro a Kalaba, aka yi ta matsa wa asibitin lamba, ta ce ba inda za shi. Ta kamu da cutar ta rasu a watan Agusta, a watan Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola. Ku yi tunanin mutumin nan ya fita ya shiga cikin jama'a a gari irin Legas, motoci suna tashi kullum zuwa Kano da Maiduguri da Sakkwato. Ba jawabi ta yi ba, aikin da aka ɗauke ta ta yi shi ta yi a ranar da yin sa yake da tsada. Kuma na tabbata a asibitocinmu da makarantunmu akwai irinta da yawa waɗanda ba za mu taɓa jin sunansu ba.

Na san za a ce min ai magana ita ma aiki ce, kuma haka ne. Malamin da bai iya bayani ba bai iya aikinsa ba, nas ɗin da take yi wa mara lafiya tsawa ta gaza ko da allurarta ba ta zafi, shugaban da ba zai iya zaunar da mutanensa ya fahimtar da su inda aka dosa ba shi ma da sauransa. Ba ina cewa a fifita miskili ko mai ɗaure fuska ba ne, kuma ba duk mai shiru ne ma'aikaci ba, wani shirun nasa lalaci ne kawai. Abin da nake ƙi shi ne maganar da take maye gurbin aiki, alƙawarin da ba a komawa a duba. Sannan shi kansa aikin ana yin na ganin ido, mutum ya zo ƙarfe takwas ya sa hannu a rijista ya ɓace sai ƙarfe huɗu, ko a share harabar asibiti a yi fenti saboda kwamishina zai zo alhali ba magani a ciki. Kuma akwai zalunci a auna mutum da sakamako in ba a ba shi kayan aiki ba, malamin da aka tara wa yara sama da ɗari a aji ɗaya ba benci ba alli, ba za ka haɗa shi da na makarantar kuɗi ka ce ya gaza ba. Duk wannan gaskiya ne, amma duk suna nuna abu ɗaya ne, sai an je an gani, kuma zuwa ganin shi ne aikin da shugabanninmu na ofis suka fi gudu.

Abin da nake roƙon duk wanda yake da ko mutum uku a ƙarƙashinsa ba wani abu ne mai tsada ba, ba ya buƙatar kwantiragi ko ƙwararru daga waje. In an tashi daga mitin a rubuta wa ya ɗauki me, zuwa yaushe, mitin na gaba a fara da karanta wannan takardar kafin kowa ya buɗe baki da sabon alƙawari. Wata biyu kawai za a yi ana haka kowa zai san matsayinsa, masu cewa a bar min za su ragu da kansu. In an kawo maka aiki mai kyau ka tambaya wa ya yi wannan da hannunsa, ka kira shi ka gan shi, ba wanda ya ɗauko fayil ɗin ya shigo da shi ba. In an kawo maka sukar wani kada ka yanke komai sai ka ga takarda ko ka ji daga bakinsa. Ka dinga fita ba tare da sanarwa ba, ka tsaya a layin da jama'a suke tsayawa ka tambaye su wa yake biya musu buƙata a nan, wallahi masinja da mai gadi da tsohon da ke zaune a benci sun fi ka sanin ma'aikatanka.

Su kuma masu aikin shiru, musamman ƙannenmu da suka shigo aiki kwanan nan, ina ba su shawara su dinga ajiye rubutaccen tarihin abin da suka yi, kwanan wata da lambar fayil da abin da ya fito, in lokacin cike fom ya zo su rubuta shi dalla-dalla ba tare da jin kunya ba. Faɗin abin da ka yi da hujja a inda aka tambaye ka ba yabon kai ba ne, shaida ce, kuma in ka ɓoye ta wani ne zai ɗauka ya sa sunansa. Oga kuma in ma'aikaci ya kawo maka fom ya ce ka sa hannu, ka karɓa ka ce ya dawo jibi, ka zauna ka karanta, inda bai yi ba ka rubuta bai yi ba ka kuma kira shi ka faɗa masa a gabansa, ko da ɗan garinku ne, ko da tare kuke sallah.